Rumman Bakwai da Rabin Waƙa

Shekara bakwai Yaya Yihya bai taka bukkata ba. Da Idin Bukkoki nake ƙirga su, idin da muke ɗaura bukka a tsakar gida mu yi kwana bakwai muna ci muna kwana a ciki, don a cikinsa abin ya faru. Daren farko ne, mun dawo daga majami'a, an yi albarka a kan ruwan inabi, gurasa tana hannun Yaya, sai wayar Yoram mijin 'yata ta yi ƙara a aljihu. Da ya bar ta ta gaji ta yi shiru, da an wuce wurin. Sai ya zaro ta ya amsa, a cikin bukka, a ranar da ko makunnin fitila ba a taɓawa. Yaya ya ajiye gurasar a kan tebur, ya miƙe, ya fita. Ni kuma na bi shi bakin ƙofa na faɗi maganganun da ƙane ba ya faɗa wa wansa. Ba zan maimaita su a nan ba. Tun daga ranar, tsakanina da shi sai gaisuwar jana'iza.

Cikin sanyin bara matarsa Hamama ta rasu. Da zafi ya shigo, ɗansa Menahem ya kira ni.

"Baffa, bana ba wanda zai ɗaura masa bukka. Mu za mu gidan surukaina, shi kuma ya ce ba ya zuwa inda ake cin kifi da sukari. Inna Badra ta yi masa magana, ya ce zai zo wurinku."

Badra matata ce. Na juya na dube ta, ta ci gaba da tsintar shinkafa kamar ba da ita ake ba.

"Amma ka san halinsa," in ji Menahem. "Ya ce in ya ga abu ɗaya da ya saɓa wa ranar, zai fita ya kwana a kan bencin majami'a, kuma ba zai sake zuwa ba har a binne ɗayanku. Zan kawo shi Litinin kafin rana ta faɗi, in ɗauke shi Talata in taurari sun fito."

Kwana ɗaya ke nan aka ba ni. Kuma akwai abin da nake so a wurinsa.

Innarmu ta rasu ina shekara tara, Yaya yana sha biyar. Tana da wata waƙa marar baiti da take yi a maƙogwaro in tana bugun hulba har ta yi kumfa. Ban taɓa jin ta a bakin kowa ba, ko a biki ko a majami'a, ina jin daga ƙauyensu can Yaman ta taho da ita. Rabin farko yana kaina daram: ta hau sau uku, ta sauko, ta ɗan tsaya. Daga tsayawar nan akwai wata kwana da take sha, kuma a nan nake ɓacewa. Shekara sittin da biyar ina zuwa bakin kwanar nan ina dawowa. Duk duniya mutum ɗaya ya rage da ya san sauran. Sai dai ba ka zuwa wurin wanda ka zaga a bakin ƙofa ka ce masa yi mini waƙa. Ko na iya, shi ba zai yi ba. Amma na san Yaya. Bai taɓa jin an yi abu ba daidai ba ya haƙura bai gyara ba.

'Yata Siyona tana aikin injina a Haifa. A gidanta na taɓa ganin wani abin wasa da ta haɗa, 'yan fitilu suna walƙiya, wata 'yar lasifika tana tsiwa, duk wani ɗan allo da bai fi kwalin ashana ba ne ke juya su. Da ta zo duba mu na ce ina son irinsa, amma ni zan haɗa.

Ta yi dariya har ta riƙe ciki. "Baba, kai da ko saƙo ba ka iya turawa a waya?"

"Shekara arba'in ina haɗa bututu, ruwa bai taɓa zuba a gidan mutum ba. Waya ba bututu ba ce? Abu ya shiga nan ya fita can."

"To ai allon nan sai an rubuta masa abin da zai yi."

"Rubuta masa. Ki bar mini gurbin da zan cika."

Haka aka yi. Ta rubuta masa dogon bayaninta na Turanci, ta bar mini gurbi uku: na sauti, na lokaci, na ranaku. Ta bar mini tsohuwar kwamfutarta da ƙaramin ƙarfen dalma mai baki kamar allura. Aji huɗu na yi a makaranta kafin a kai ni koyon sana'a, amma lamba na san ta, kuma lamba kawai ake so.

Jikin abin bai ba ni wahala ba. A ɗakin ajiyata akwai tsofaffin ƙwallayen tagulla na tankin ruwa, waɗanda ke tashi su rufe famfo in tanki ya cika. Na zaɓi bakwai, kwanakin idi, na goge su da lemon tsami da gishiri har suka yi ja. Na huda kowanne da ƙananan ramuka, na yanka masa kambi a ka, sai ga rumman. Na jera su a kan ƙarfen wilin keke, na sa wa kowanne 'yar fitila a ciki.

Allon ne ya nuna mini iyakata. Na farko na ƙona shi da kaina, don na raina ƙarfen Siyona na ɗauko nawa na bututu. Na biyu na haɗa masa waya a juye, ya yi wani ɗan hayaƙi mai warin ƙonannen gashi, ya mutu. Mai shagon kayan lantarki a Petah Tikva da ya gan ni karo na uku sai ya ce, "Dattijo, ci kake yi da su?" Na ce masa ya kawo abin da na tambaya. Yaran yanzu suna ganin in yatsun mutum sun yi kauri, kansa ma ya yi. Na ari gilashin da Badra ke zura zare da shi, na ɗora hannuna na dama a kan bulo don ya daina rawa, na koyi ɗiga dalma kamar ƙwayar gero. Na uku ya rayu.

Sai waƙa. Kowane sauti lamba biyu gare shi, ɗaya ta tsayinsa, ɗaya ta daɗewarsa. In yi shi a maƙogwaro, in buga lamba da yatsa ɗaya, in saurara, in goge, in sake. Wani sautin na Inna yana faɗawa ne tsakanin lambobin da ke takardar Siyona, sai na riƙa ƙara ɗaya-ɗaya har kunnena ya ce ya isa. Sati shida na yi a kan sauti arba'in da ɗaya. Kullum da hantsi, bayan na sha kofi, har zuwa lokacin da zafi zai kore ni daga baranda.

"Sauron nan naka da ya faɗa gwangwani, yaushe zai mutu?" in ji Badra wata rana.

"In ba kya so, toshe kunne."

"Na toshe, ta hanci yake shiga." Ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Can ta ce, "Na huɗun nan ka ja shi da yawa. Ranar da kake yi a wanka ba haka yake ba."

Na rage shi. Gaskiyarta ce.

Gurbin lokaci ba wuya. Fitilu su kama ƙarfe shida na yamma su mutu sha ɗaya, kowace rana, da kansu, ba mai taɓa komai. Wannan ko Yaya ba shi da ta cewa, don fitilar gidansa ma agogo ke kunna ta ranar Asabar, ranar hutunmu mai tsarki. Waƙa kuwa sau ɗaya, ƙarfe bakwai da rabi, lokacin da an zauna cin abinci. Amma kiɗa ba a yin sa a rana mai tsarki, ko agogo ne ya tayar da shi. Don haka Siyona ta bar gurbi na uku, na ranakun da abin zai kama bakinsa. Na duba kalandar da mahauci ke ba mu kowace shekara. Ranar farko ta idi, Talata. Sai Asabar da ta faɗo a tsakiya. Na buga su. Lissafina shi ne, daren farko shiru, Yaya ya ga gida na kan ƙa'ida. Talata taurari su fito, tsarkin ranar ya fita, kafin Menahem ya iso waƙar Inna ta tashi a kansa.

Ranar Lahadi Siyona ta biyo, ta saita masa agogo, ta ɗauki kwamfutarta. Ita da Yoram a Nahariya za su yi idi wurin iyayensa, kuma ba sai na faɗi dalili ba.

"Baba, abu ɗaya. Kada ka zare shi daga wuta. In ka zare, ya manta ƙarfe nawa, ya manta wace rana, sai an dawo da kwamfuta."

"Na ji."

"Ka ji ko ka ji?"

"Ke, tafi kada mijinki ya yi kuka."

Bukkar na riga na ɗaura ta a tsakar gida, bango na zannuwa, rufi na rassan dabino. Na cire tsohon ƙwan fitilar da muke ratayawa, don rumman bakwai sun ishi tebur haske. Na rataye wilin a bangon da ke fuskantar kujerar baƙo.

Litinin ƙarfe biyar saura Menahem ya kawo shi. Ya rame, kwat ɗinsa ta yi masa yawa, amma idonsa yana nan kamar na shaho. Bai miƙo mini hannu ba. Ya gaida Badra, ta yi masa gaisuwar rashi, ya wuce kai tsaye cikin bukka ya ɗaga kai yana duba rufi, ko inuwa ta fi rana yawa kamar yadda ƙa'ida ta ce. Ya girgiza bango. Sannan ya tsaya a gaban wilin.

"Wannan fa?"

"Ado ne, Yaya. Fitilu."

"Wa zai kunna?"

"Agogo. Tun jiya aka saita."

Ya ƙwanƙwasa rumman ɗaya da farce. "Na san ƙwallon nan. Daga ina ka ciro shi?"

"Tankin ruwan sha ne, na kan soro."

"Ba na bayi ba?"

"Ba na bayi ba."

"Hm," in ji shi. Ya shiga ciki ya yi wanka. Maganar waƙa ban yi masa ba.

Na shiga kicin in ɗauki faranti. Badra tana juya romon ƙafar saniya, kyandirori na jere a gefe suna jiran ta. Saura minti ashirin a kunna su, kuma daga an kunna, hannu ya tashi daga aiki.

"Baban Siyona, sauron naka ba zai yi kuka yau ba ko?"

"Na rufe masa baki. Talata da Asabar."

"Yau Litinin."

"Yanzu Litinin. In rana ta faɗi ai Talata ta shiga."

"A wurinka. Shi fa? Wa ya gaya masa rana ta faɗi? Taga gare shi?"

Na tsaya da faranti a hannu. Tun da aka haife ni ban taɓa sanin rana tana farawa a wani lokaci ba in ba faɗuwar rana ba. Asabar da yammar Juma'a take shiga, idi da yammar jajibere, ranar tunawa da mamaci ma da yamma ake kunna mata kyandir. Ban yi tunanin abin ba, kamar yadda mutum ba ya tunanin ta ina yake numfashi. Na ajiye farantin na kira Siyona. Suna cikin mota, ina jin iska.

"Allon nan, yaushe Talatarsa ke farawa?"

"Sha biyun dare mana. Me ya..." Sai ta gane. "Wayyo, Baba. Talata ka rubuta?"

"Abin da ke kalanda na rubuta."

"Ai Litinin da Juma'a za ka rubuta, tunda da yamma yake yi! Me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

"Me zan tambaya? Jariri ma ya san lokacin da rana ke farawa. Ke da kika yi jami'a me ya sa ba ki koya masa ba?"

"Baba, ba lokacin faɗa ba ne. Yau bakwai da rabi zai yi waƙa."

A tsakiyar cin abinci, Yaya na zaune a gabansa, kuma babu mai ikon miƙa hannu ya kashe.

"Ki gaya mini abin da zan danna."

"Ba abin dannawa, sai da kwamfuta, ga ta a bayan mota, mun kusa Akko. Ko na juyo rana za ta faɗi ina hanya. Zare shi kawai."

"In zare, mu ci abinci a duhu? Ya ce ƙanensa ko fitila bai iya tanada ba?"

"To ban sani ba. Kuma Baba..." Muryarta ta yi ƙasa. "Gobe da yamma ba zai yi ba. A wurinsa gobe ce Talata. Sai Laraba."

Laraba. Yaya yana gidansa a Elad tun daren Talata.

Na kashe wayar. Ina jin ƙarar ruwa a banɗaki ta tsaya. Tsohon ƙwan fitilar yana can ƙasan akwati a ɗakin ajiya, wayarsa ma na riga na yanka na yi amfani da ita. Na duba agogo, saura minti goma sha ɗaya.

Wata uku na yi ina haɗa abin nan, na san kowace waya da sunanta. Ja da baƙa na wuta. Bakwai farare na rumman. Sai shuɗiya guda, siririya, da ta tashi daga allo ta shiga lasifika. Ita ce wadda na fi shan wahalar liƙawa, sau biyar tana ɓallewa kafin ta zauna, har na kira Badra ta zo ta ga kyan ɗigon dalmar. Na ɗauki filaya na hau kujera. In bututu ya fashe ba ka tsayawa jimamin tayil, ka rufe ruwa tukuna. Na datse ta. Na lanƙwasa bakin biyu nesa da juna, na sauko, na mayar da filaya cikin akwati, na wanke hannu. Jiniyar shigar idi ta tashi a gari ina ɗaura maɓallin riga.

Muka tafi majami'a tare, shi a gaba ni a baya, kamar muna yara. Da muka dawo rumman bakwai sun kama, ramukan sun watsa ɗige-ɗigen haske ja a kan zannuwa da farin mayafin tebur. Badra ta ce, "Kai!" a hankali. Yaya ya duba, ya zauna, ya yi albarka. Ya karya gurasa, ya tsoma a hulba, ya ci. Wannan karon ta kai bakinsa.

A jikin allon akwai wata 'yar fitila kamar idon ƙuda da ke ƙiftawa in waƙa na tafiya. Muna cikin shan romo ta fara. Sau arba'in da ɗaya ta ƙifta, ina bin ta a zuci, ta hau sau uku, ta sauko, ta tsaya. Ba wanda ya ji komai sai ƙarar cokali. Gumi ya jiƙa mini wuyan riga.

"Yajin ne ya yi maka yawa?" in ji Yaya. "Da can ma ba ka da juriya."

Ita ce magana mafi tsawo da ya yi mini cikin shekara bakwai.

Talata ta wuce lafiya. Majami'a da safe, abinci, barcin rana a bukka, shi a kan gado ni a kan katifa. Sau biyu na ga idonsa ya sauka a kan shuɗiyar wayar, bai tambaya ba. Da taurari suka fito ya yi addu'ar rabuwa da ranar, ya shiga ya ɗauko jakarsa ya ajiye a bakin bukka. Menahem ya kira ya ce ya taso, minti ashirin.

Na zauna ina kallon jakar. Gida ya tsaya kan ƙa'ida, ba abin da ya saɓa. Zan iya barinsa ya tafi a haka, baɗi wataƙila ya dawo. Amma shekararsa tamanin, kuma na ga yadda yake hutawa sau biyu tsakanin gida da majami'a. Ban yi wata uku da gilashin zura zare a ido don in yi shiru ba.

"Yaya."

"Ina ji."

"Abin nan ba fitila kaɗai ba ne. Yana waƙa."

Ya juyo gaba ɗaya. "A bukka? Jiya?"

"Bai yi ba. Ka ga wayar. Na datse ta kafin a kunna kyandir."

Na gaya masa duka, yadda na rubuta Talata, yadda allon ke fara ranarsa da tsakar dare. Ya saurara yana shafa gemu.

"Wato ka ɗauko abin da bai san faɗuwar rana ba ka rataye a bukka."

"Na ɗauka kowa ya sani."

"Wawa. Rabin garin nan ma ba su sani ba." Ya sake duban wayar. "Saura minti nawa ka datse?"

"Kamar bakwai."

"Kafin jiniya?"

"Kafin jiniya."

"To haɗa mu ji, tunda ranar ta fita."

"Ko na haɗa ba zai yi yau ba. A wurinsa yau ce ranar tsarki. Sai gobe bakwai da rabi."

Wani abu ya fito daga hancinsa, ban sani ba ko tari ne ko dariya. "Yana kiyaye idi, amma a ranar da ba ita ba. Kamar surukinka."

Na haɗiye wannan. Sannan na faɗi sauran maganar.

"Ka ƙara kwana ɗaya, Yaya. Don kai na yi shi. Abin da na faɗa a bakin ƙofar can, ban kyauta ba. Ina roƙonka ka zauna zuwa gobe."

Badra tana tsaye da tire a bakin bukka, ba ta shigo ba, ba ta koma ba. A waje mota ta tsaya, aka yi ham.

"Wace waƙa ce?"

"Sai ka ji."

Yaya ya ɗaga murya. "Badra, romon nan ya saura?"

"Rabin tukunya, Yaya. Gobe ma ya fi daɗi."

"Ki gaya wa yaron can ya daina damun mutane da ham. Ya koma, sai na kira shi."

Da safe na fito da ƙarfen dalma, ya daka mini tsawa daga kan gado.

"Ajiye wannan! Tsakiyar idi muke. Aikin gwani ba ya halatta, kai kuma dalma sana'arka ce. Murɗa su da yatsa, ka naɗe da tef, kamar yadda kowane ɗan koyo zai yi." Ya gyara filo. "Ko da yake wanda ya ga abin nan ba zai zarge ka da gwaninta ba."

Na fere bakin wayoyin, na murɗa su da yatsa, na naɗe. Mummunan haɗi ne, da yaron shagona ne ya yi shi da na sa ya kwance. Na bar shi haka.

Bakwai da kwata muka zauna. Yaya yana ta ɓare gyaɗa kamar ba abin da yake jira, amma ya juya kujerarsa, kunnensa mai ji yana wajen bango. Idon ƙudan ya ƙifta, sauron Badra ya tashi. A cikin bukka, tsakanin zannuwa, bai yi tsiwa kamar a baranda ba. Ya hau sau ɗaya, hannun Yaya ya tsaya a kan gyaɗa. Ya hau na biyu, na uku, ya sauko, ya tsaya a bakin kwana. Shiru.

Ban dube shi ba. Ina kallon ɗigon haske a kan mayafin tebur.

"Ina sauran?" in ji shi.

"Iyakar abin da nake da shi ke nan."

"Shekara sittin da biyar kana yawo da rabin waƙa?"

"Shekarata tara, Yaya."

"Kuma na uku ba haka take hawa ba. Kana tsalle kamar akuya. Ita a hankali take zuwa, tana jan ƙafa, don a nan hannunta ke gajiya ta canja." Ya ture gyaɗar gefe, ya ɗauki cokali, ya soma juya shi a cikin kwanon hulba, ya rufe ido. Ya faro daga farko a maƙogwaro, da tsohuwar murya mai rawa. Ya hau sau uku, ya sauko, ya tsaya. Sannan ya sha kwanar. Ashe ƙasa take yi. Duk shekarun nan sama nake nemanta.

Badra ta koma kicin da sauri, ta ce wai ta bar abu a wuta. Ba abin da ke wuta.

Ya kai ƙarshe, ya buɗe ido, ya harare ni. "Ka riƙe?"

"Sake, Yaya."

"Kan tukunya gare ka." Ya sake. Na ɗauko fensir da bayan kalandar mahauci, ina sa alama, sama, ƙasa, dogo, gajere. Sau shida ya yi, yana zagina tsakanin kowanne. Sauti talatin da takwas na ƙirga.

Da ya gaji ya jingina, ya nuna wilin da cokali. "Ka ce Asabar ka rubuta masa?"

"Asabar."

"Wato yammar Juma'a zai buɗe baki."

"Zan kwance wayar kafin rana ta faɗi."

"Kai? Da ka tuna saura minti bakwai, shi ma sai da mace ta tuna maka?" Ya girgiza kai. "Ban yarda da kai ba. Sai na gani da idona."

Washegari Siyona ta kira, ta ce za ta biyo da kwamfuta da rana ta gyara ranakun, aikin minti biyu ne. Na leƙa tsakar gida. Yaya yana zaune a bukka da littafinsa, jakarsa kuma Badra ta riga ta kwashe kayan ciki ta jera a durowa.

Na ce wa Siyona kada ta zo. Ta bari sai bayan idi, akwai sauti talatin da takwas da za mu ƙara, a yi aikin gaba ɗaya.